Wasiyyar Budhan

Safiya, Usman, da ke Auta, kun taso kun ga takardar yabo a bangon falo, wadda aka ba ni a Doha bayan annobar korona ta lafa. Na sha jin kuna nuna wa abokanku ita, ban kuma taɓa hana ku ba. Iya sanina ban yi muku ƙarya a kanta ba, shiru kawai na yi. Amma yanzu da shekaru suka ja, na ga shirun ma bai yi nisa da ƙarya ba. Saboda haka zan faɗa muku abin da ya faru a shekarar nan gwargwadon abin da nake iya tunawa. Inda na manta zan ce na manta.

A lokacin muna zaune a Al Wukair, cikin jerin gidajen nan masu kama ɗaya da sai ka duba lamba kafin ka gane naka. Safiya tana aji uku, Usman bai shiga makaranta ba, ke kuma Auta ba a haife ki ba tukuna. Ni ba likita ba ne, ban taɓa yi wa kowa allura ba. Abin da na karanta a jami'a shi ne adana bayanan marasa lafiya, shi ne kuma ya kai ni ƙasar. Da cutar ta tsananta sai aka buɗe asibitin wucin gadi kusa da unguwar masana'antu, inda leburori suke zama, aka tura ni can. Aikina iri biyu ne. Idan an kawo mara lafiya in cika masa fom. Idan kuma likita yana son magana da wanda ba ya jin Turanci ko Larabci, in sa kayan kariya, in shiga in ɗauki kwamfutar hannu da ke can ciki, in haɗa su da tafinta. Akwai jan layi da aka zana a ƙasa a bakin ƙofar sashen masu tsananin ciwo. Daga shi zuwa ciki sai mai izini, kuma duk abin da ya shiga, ko takarda ce, ba ya fitowa.

A fom ɗin akwai gurbin harshe, da jerin sunaye da mutum zai zaɓi ɗaya. Ranar da aka kawo Budhan na tambaye shi, ya ce Hindi, na danna Hindi. Magini ne, gajere, zai kai shekara hamsin ko ya ɗan wuce, tafin hannunsa kamar bayan tukunya. Daga jihar Jharkhand yake a gabashin Indiya, kuma ba musulmi ba ne. Motar asibiti ta ɗauko shi daga masaukinsu da kayan jikinsa kawai. Wayarsa tana can, unguwar kuma an rufe ta, ba shiga ba fita. Lambobin iyalinsa duk suna cikin wayar, bai haddace ko ɗaya ba. A gurbin wanda za a kira idan wani abu ya faru, lambar ofishin kamfaninsu aka sa. Na rubuta musu sau biyu, ina jin ma sau uku, cewa a kawo wayar. Ba a amsa ba.

Kwanakin farko yana magana da tafinta lafiya lau. Har yakan yi mini dariya idan na gwada gaisuwarsu, ya gyara mini, in sake ɓatawa. Sai numfashinsa ya fara gazawa, aka mayar da shi ɗakin mutum huɗu, inda sauran ukun duk suna kan na'ura ba su san inda suke ba. A nan maganarsa ta canja. Ko ni da ba na jin komai na lura sautin ya sauya, ya fi sauri, ya fi zama a bakinsa. Yakan janye abin iskar daga fuskarsa ya yi wata doguwar magana, ya huta, ya sake farawa daga farko. Ita ce dai maganar, ba ya canja ta. Na kira tafinta, wani mutum mai ladabi da ban taɓa ganin fuskarsa ba, na kara wa Budhan kwamfutar. Tafintan ya saurara ya daɗe.

"Wannan ba Hindin da na sani ba ne," in ji shi. "Maganar ƙauye ce. In tsinci kalma ɗaya, uku su wuce ni. Zazzaɓinsa ya yi zafi, ko?"

Na ce ya yi.

"To ina ga sambatu ne. Ka rubuta haka."

Na rubuta haka. Ma'aikaciyar jinya ta kwafa daga nawa, likita ya kwafa daga nata. Kafin azahar ya zama abin da kowa ya sani.

Washegari da hantsi na fito daga ɗakin, na cire kayan kariya, ina wanke hannu, sai wani mai goge-goge ya jingina sandarsa ya matso. Na saba ganinsa a barandar, amma ban san sunansa ba sai ranar. Lakhan. Dattijo ne, furfura ta fito masa a gefen kunne. Da guntun Turanci da guntun Larabcin kasuwa muka yi magana, ni ne nake mayar muku da ita Hausa, wataƙila na gyara ta fiye da yadda ta fito. Sahib yake ce mini, wato yallaɓai.

"Sahib, mutumin gado na biyu. Ba hauka yake ba."

"Ban ce hauka ba. Zazzaɓi ne."

"Ba zazzaɓi ba ne. Khortha ne. Yarenmu ne. Duk lokacin da ka buɗe ƙofa ina jinsa."

Na ce ai da bakinsa ya gaya mini Hindi yake ji. Lakhan ya yi wata 'yar dariya a bayan takunkuminsa.

"Ni ma in ka tambaye ni Hindi zan ce. A ɗakinmu mu takwas ne. Uku Bhojpuri, biyu Magahi, ni da wani Khortha, sai ɗan Nepal ɗaya da ya gaji da mu duka. Mai Magahi yana jin maganarmu kusan duka. Mai Bhojpuri ya ji rabi, ya yi mana dariya a kan rabin. Amma in manaja ya shigo, kowa Hindi ne. Wa zai tsaya yi wa manaja bayanin ƙauyensu? Hindi na ofis ne, sahib, na tashar jirgi. Ba da shi ake mutuwa ba."

Na tambaye shi me Budhan yake cewa.

"Yana cewa a gaya mata. Matarsa, ina ji. Ya ambaci ƙaninsa. Daga nan sai ƙofa ta rufe. Saƙo yake bayarwa, irin na wanda ya san zai tafi." Ya waiga hagu da dama. "Ba sai na shiga ba. Ka kira wayata da abin nan na hannunka, ni kuma in tsaya bayan ɗakin ajiye bokitai. Minti biyar. Khalas, shi ke nan."

Ina so ku gane yadda abin yake a kaina a lokacin, ba don ku wanke ni ba. Akwai doka a rubuce, na kuma sa mata hannu, cewa ba wanda zai yi wa mara lafiya tafinta sai wanda sunansa yake cikin jerin da aka amince da shi. Dokar tana da dalili, sirrin mara lafiya ba abin wasa ba ne, kuma ni kaina na sha koya wa sababbin ma'aikata ita. Mako guda kafin nan an ba wani abokin aikina takardar tuhuma saboda ya yi amfani da wayarsa a inda bai kamata ba. Kwantiragina saura 'yan watanni ya ƙare, ana ta raɗe-raɗin za a rage ma'aikata, kuma izinin zamanku duka a ƙasar, ku da mahaifiyarku, a jikin nawa yake rataye. Duk kiran da aka yi da kwamfutar yana barin alama. Ko akwai mai duba alamar a irin wannan ruɗani, ban sani ba. Yau ina ganin babu. Amma ni mutum ne da tun ina yaro nake jin kamar akwai mai dubawa.

Na ce masa, "Bari in nemi izini."

"Izinin zai zo yau?"

"Ina fata."

Ya dube ni na ɗan lokaci. Sannan ya ɗauki sandarsa ya ci gaba da goge wurin da ya riga ya goge.

Na zauna na rubuta wa shugabar sashenmu imel. Na ɓata kusan awa guda a kansa, ina gogewa ina sakewa, don kada ya yi kama da ina sukar tafinta ko ina koya wa manya aikinsu. Na bayyana cewa akwai alamar, ko da yake ban da tabbas, harshen mara lafiyan ba ya cikin jerinmu. Na nemi a duba yiwuwar ba da izini na musamman. Sannan, don kada a zaci ƙirƙira na yi, na rubuta sunan Lakhan, da lambar da ke jikin rigarsa, da inda yake tsaye lokacin da ya ji maganar. A ganina wannan shi ne cika aiki. An koya mana duk rahoton da ba shi da madogara ba rahoto ba ne.

Amsa ba ta zo ba. Ƙarfe biyu motar masu goge-goge ta kwashe su, har da Lakhan. Bayan la'asar na sake shiga wurin Budhan. Da ya gan ni ya kama hannun rigata, ya janye abin iskar, ya fara. Ban san me ya sa ba, na ɗauki bayan wani fom da biro na shiga rubuta abin da kunnena yake ji da haruffan Hausa, kamar yadda ɗalibi yake rubuta karatun da bai san fassararsa ba. Sau uku ya maimaita, ina cike gurbin da na bari. Ya ga ina rubutu, sai ya rage sauri. Wannan shi ne abin da ya fi damuna har yau. Ya zaci ina ji. Da ya gama ya saki rigata, ya mayar da abin iskar da kansa, ya rufe ido kamar wanda ya sauke kaya. Na manna takardar a gilashin ƙofa daga ciki, yadda ma'aikatan jinya suke yi idan suna son aika saƙo waje, na fito na kwafe ta a littafina. Layi goma sha ɗaya ne. Na ce gobe da safe zan karanta wa Lakhan. Ko wannan ɗin ma sai da na yi ta tunanin ko ya saɓa doka.

A watannin nan ba na cuɗanya da ku. Ɗakin baƙi nake kwana, mahaifiyarku ta ajiye mini abinci a bakin ƙofa, ta ja kujera ta zauna daga nesa muna hira. Safiya, wataƙila kina tuna yadda kike turo mini zane ta ƙarƙashin ƙofa. Ranar bayan magariba na ba mahaifiyarku labarin duka, ina jin ina neman ta ce na yi daidai.

"To ka kira shi yanzu mana," ta ce. "Ka karanta masa ta waya."

"Ban karɓi lambarsa ba."

"Ya ce ka kira wayarsa, kai kuma ba ka karɓi lambar ba?"

"Na ga idan na karɓa kamar na amince ne."

Ta ajiye cokalin da ke hannunta.

"Baban Safiya, kai dai da biro a hannu aka haife ka. Mutum yana shaƙewa kana rubuta wasiƙa."

"Rabi, in aka sallame ni ina za mu? Jiragen ma an tsayar."

"Ban ce ban ji tsoro ba. Ni ma da yaran nan nake kwana. Amma ka manta Inna ne?"

Ban manta ba. Kakarku, Inna, Bageriya ce daga wani ƙauye kusa da Bauchi. Duk rayuwarta da Hausa ta yi mana magana, ta yi mana faɗa, ta yi mana addu'a. Ba ta koya mana Geranci ba, mu ma ba mu nema ba, muna ganinsa abin tsofaffi. Amma a kwana biyunta na ƙarshe Hausar ta tafi gaba ɗaya. Muna zagaye da ita, 'ya'yanta shida, tana magana muna kallon juna. Sai da aka ɗauko wata ƙanwar mahaifinta a kan babur, tsohuwa tukuf, ta zauna a gefen gadon tana gaya mana wannan na wane ne, wancan a nema mata gafararsa. Ba mu tambayi tsohuwar nan takardar shaida ba. Saboda haka ba zan iya ce muku ban san abin da nake gani a gadon Budhan ba. Na sani tun kafin Lakhan ya buɗe baki. Na sani lokacin da na rubuta sambatu.

Na ce mata da safe zan gyara, ko izini ya zo ko bai zo ba. Ina jin da gaske nake. Ba zan iya rantsuwa ba.

Da na isa da safe na tarar an riga an sa wa Budhan bututun numfashi, an ba shi maganin barci. Likitan ya ce ba yadda za a yi a jira, kuma na yarda da shi. Na fito baranda ina neman Lakhan, sai na ga wani ne daban riƙe da sandar. Na buɗe kwamfuta na ga amsar shugabarmu. Ta gode mini da kulawa. Ta ce ba ta da ikon ba da irin wannan izini, amma za ta miƙa batun ƙara harsuna a jerin ga kwamitin da ya dace. A ƙasa ta ƙara layi ɗaya, cewa ta sanar da kamfanin tsafta ya ja wa ma'aikatansa kunne game da tsayawa kusa da jan layi da sauraron marasa lafiya. Ba muguwar mace ba ce. Ina jin a makon nan ba ta yi barcin kirki ba, ta ga rahoto mai suna da lamba, ta yi abin da ake yi da shi.

Mai gadin ƙofar baya wani Bahaushen Zangon Kumasi ne, Alhaji Mumuni, ya girme ni da kusan shekara goma. Shi ne kaɗai nake yin Hausa da shi a wurin, kuma ba abin da yake wucewa ta ƙofar nan bai sani ba. Na tambaye shi Lakhan.

"Tsohon nan mai furfura? Motan su ya zo da safe, sufabaiza ya ce shi kar ya sauka. An wuce da shi." Ya ƙura mini ido. "Malam Sani, an ce wani ne ya rubuta. Kai ne?"

"Izini na nema masa, Alhaji."

"Ka sa sunan shi ciki?"

"Na sa. Don a san gaskiya ne."

"Da lamba?"

Na gyaɗa kai.

"Kai, Malam. Digirin nan naku na Najeriya, ba a koya muku cewa talaka ba ya son sunan shi a takarda?"

Wasu sun ce an mayar da Lakhan wani wurin aiki can wajen gari. Wasu sun ce yana cikin waɗanda aka sallama da aka buɗe jirage. Na tambayi kamfanin, suka ce ba sa ba da bayanin ma'aikata, wanda shi ma doka ce da na sani. Budhan bai farka ba. Ya yi kwana takwas ko tara a kan na'ura, ya rasu ranar da ba na aiki. Kamfaninsu ne ya karɓi gawar. Abin da aka gaya wa iyalinsa, da wanda ya gaya musu, da harshen da aka gaya musu da shi, ban sani ba. An sabunta mini kwantiragi. Muka ci gaba da zama a Al Wukair, Usman ya shiga makaranta, aka haife ki, Auta.

Littafin yana cikin jakata fiye da shekara biyu. Sai lokacin gasar cin kofin duniya ya zo, garin ya cika da baƙi, ko'ina ka juya ana wani yare, an baza matasa a tashoshin jirgin ƙasa suna nuna wa kowa hanya da harshensa. Wata Juma'a bayan masallaci na roƙi Alhaji Mumuni ya raka ni Asian Town, inda leburori suke taruwa kallon wasa a babban allo. Ya ce sai dai in ni zan sayi shayi. Muka shiga cikin dubban mutane ina tambaya, wa yake jin Khortha. Da yawa ba su taɓa jin sunan ba. Wani mai sayar da shayi, ɗan Bhojpuri, ya kwashe da dariya.

"Khortha? Baƙin mutum ya zo daga Afirka yana neman Khortha! Su kansu masu shi ɓoyewa suke yi. Ka koyi Bhojpuri, ɗan'uwa, mu muke da waƙa, mu muke da fim."

Duk da haka shi ne ya ƙwala kira, aka miƙa kiran daga benci zuwa benci, har aka taso wani mai ɗaurin rodi mai suna Bhola, ya zo yana goge hannu a wandonsa, a tsorace, yana zaton wani laifi ya yi. Muka koma gefen wani shago inda hayaniyar ta yi sauƙi. Na gaya masa saƙon mamaci ne. Ya cire hularsa. Na buɗe littafin na karanta masa layukan nan goma sha ɗaya da bakina na Bahaushe. Ya ce in sake. Na sake. Ya kira wani abokinsa mai jin Magahi, na karanta na uku, a hankali. Suka shiga gardama tsakaninsu, wannan ya faɗi kalma wancan ya girgiza kai, suna sa ni maimaita wuri ɗaya har muryata ta dushe. Can Bhola ya juyo.

"Yarenmu ne, sahib, wannan ba shakka. Amma kamar an jiƙa takarda ne a ruwa. Akwai sunan mace. Akwai ƙani. Akwai rijiya, ko da yake abokina ya ce ba rijiya ba ce. Sannan sau huɗu yana cewa kada."

"Kada me?"

"Shi ne bai fito ba. Kada ta yi wani abu. Kada ta sayar, kada ta jira, kada ta yarda da ƙanin, ko kada ta rabu da shi. Duk zai iya zama." Ya dubi littafin. "Ba ɗan wajenmu ko ɗaya a asibitin?"

Da na so da na ce babu. Alhaji Mumuni yana gefena yana kallon ƙasa.

"Akwai," na ce.

"To me ya hana shi ji?"

"Ana jiran izini."

Bhola ya maimaita kalmar ga abokinsa da yarensu. Abokin ya faɗi wani abu gajere. Na tambaya me ya ce, ba wanda ya fassara mini. Bhola ya rufe littafin ya miƙo mini da hannu biyu, ya mayar da hularsa, suka koma wajen allon, don a lokacin an ci ƙwallo filin ya ɗauki ihu. Alhaji Mumuni ya taɓa kafaɗata.

"Yalla, Malam. Mu je gida."

Na yi ƙoƙarin neman iyalin bayan haka, kada ku ce ban yi ba, ko da yake ƙoƙarin nawa irin nawa ne, na wasiƙu. Kamfanin su Budhan ya gama aikinsa ya naɗe, lambarsu ta daina shiga. A fom ɗin sunan gunduma kawai aka rubuta, ba ƙauye, kuma an gaya mini masu suna Budhan a gundumar nan ba su ƙirguwa. Ko da na same su, me zan kai? Mahaifiyarku ba ta sake tayar da maganar ba har Allah ya karɓi ranta, kuma ban taɓa sanin ko don ta yafe ne ko don ta ga ba amfani.

Na yi istigfari a kan abubuwa da yawa a rayuwata, ina kuma kyautata wa Allah zato. Amma malamai sun ce haƙƙin mutum sai mai shi ya yafe, ni kuwa masu haƙƙin nan biyu ne, Lakhan ban san inda yake ba, matar Budhan kuwa ko fuskarta ban taɓa gani ba. Ba wata nasiha zan yi muku ba. Ban tabbata ba ma idan aka mayar da ni barandar nan, da ku ƙanana a gida, ba zan sake buɗe kwamfuta in fara rubutu ba. Abin da na sani kawai shi ne akwai wata mace a wani ƙauye a Jharkhand, idan tana raye yanzu ta tsufa kamar ni. Mijinta ya tara sauran numfashinsa ya ce kada ta yi wani abu, ya faɗa wa mutumin da ya ga yana rubutawa. Ban san mene ne ba. Shekarun da suka wuce suna da yawa, kuma ina jin, ko mene ne, ta riga ta yi shi.